Layin Mutum Tara

"Shekara talatin kuna adawa, Baba. Me ta kawo wa Gazara in ban da tabon bulala a bayanku?"

Sabuwa na bakin zaure riƙe da kwanon fura lokacin da maganar ta kuɓuce daga bakin Ja'afaru. Ta tsaya cak. Ta san tabon da yake nufi. Tun tana ƙarama take ganinsa in mahaifinta, Malam Sada, ya tuɓe riga a gonar rake. A siyasar farko aka yi masa shi, don ya ƙi sauke tutar 'yan adawa daga ƙofar gidansa.

Malam Sada bai ɗaga murya ba. Ya dubi saurayin da saura wata uku ya ba shi 'yarsa, ya miƙe a hankali.

"Ka gama?"

"Baba, ba haka nake nufi ba..."

"Ka gaida mutanenku na Kudan."

Ya wuce ta gefen Sabuwa ya shige gida, ko kallon furar bai yi ba.

Abin takaicin, jam'iyyarsu ɗaya. Jam'iyyu biyu kacal sojoji suka ƙirƙiro suka ce kowa ya shiga, mai Doki da mai Mikiya, su biyun kuma 'yan Doki ne. Rigimar a kan wanda zai riƙe tutar takarar shugaban ƙasa take. Malam Sada na bayan wani dattijo da ya tsufa cikin adawa, ba mota ba ofis. Ja'afaru na tare da mai jama'a da motoci, wanda yake ganin shi kaɗai zai iya kai su gaci har soja ya koma bariki. Zaɓen kuwa a fili ake yinsa. Za a kafa hoton kowane ɗan takara, ka bi layi a bayan wanda kake so, gari duka yana kallonka.

Washegari Ja'afaru ya same ta a asibitin sha-ka-tafi inda take aiki, tana zaune gaban kantar da ba komai a kai sai kwalbar aidin da auduga. A nan suka fara haɗuwa bara, da adda ta sare shi a hannu, bai daɗe da dawowa gida ba bayan masaƙar da yake aiki a Kaduna ta rage ma'aikata.

"Sau biyu na koma, Sabuwa. Ya ƙi fitowa."

"Ka taɓa inda ba a taɓawa."

"Na sani. Amma ki duba nan." Ya nuna kantar. "Ko maganin zazzaɓi babu. Taki ya gagari manomi. In muka tsayar da wanda ba zai ci ba, mun ƙara wa kanmu shekara nawa ke nan?"

"Baba ya ce wanda ya zo da motoci, da motocinsa zai koma ya bar ku a ƙasa."

"Ke me kika ce?"

Ta lumshe ido. Wata biyu ke nan ba ta jin komai sai wannan zance, a gida, a kasuwar Makarfi, har a bakin masu jiran allura.

"Ni na gaji, Ja'afaru. Da ka zo zance hotunan 'yan takara kake kawo min. Yaushe rabon da ka tambaye ni ya nake?"

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, a tausashe, "Sahibata, ni aka turo wakili Gazara ranar Asabar. Ban ce ki bi layina ba. Alfarma ɗaya... kada ki fito. In aka gan ki a wancan layin, ba ni da sauran fuska a gaban mutanena."

Ta murza bakin mayafinta ta ce, "To. Ba zan fito ba."

Malam Sada bai taɓa ce mata ta bi shi ba. Ranar Juma'a dai ya miƙa mata katin jam'iyyarta, ya ce, "Naki ne. Ki yi yadda zuciyarki ta ba ki." Mahaifiyarta, Inna Azumi, ce ta raɗa mata a madafa cewa abokan tafiyarsa sun zare jiki ɗaya bayan ɗaya, har da wanda suka kwana gidan yari tare.

Ranar Asabar ta tafi aiki da niyyar zama har la'asar. Ba wanda ya zo. Wajen sha ɗaya ta rufe ƙofa ta kama hanyar gida, hanyar kuwa ta gefen filin firamare ta bi.

Layi ɗaya ya miƙe tun daga gindin mangwaro har ya karya ta bayan azuzuwa, ana kiɗa ana shewa. Ɗaya layin tsofaffi ne guda takwas cikin rana. Mahaifinta ne a gaba, ya rungume hoton ɗan takararsa a ƙirji don ba su sami katakon kafa shi ba. Wasu samari daga dogon layin suna nuna su suna dariya, wani ya ɗaga murya ya ce a kawo wa 'yan gidan tarihi kujera.

Malam Sada bai juya ba. Sai dai ta ga yadda ya ƙara miƙe wuya, gumi na bin gemunsa.

Ba ta yi shawara da kowa ba, ko da zuciyarta. Ta tsinci kanta tana ratsa filin, katin na cikin jakarta tun jiya. Ta nuna, ta tsaya a bayan tsoho na takwas. Shewar ta ragu. Aka fara ƙus-ƙus.

Malamin zaɓe ya zo ƙirga, wakilai na biye da shi. Ja'afaru na riƙe da takarda da biro.

"Bakwai... takwas... tara."

Idonsu ya haɗu. Ja'afaru ya sa hannu a takardar, ya juya, wani daga cikin abokansa ya ce da ƙarfi, "Wakili, ashe ko amaryarka ba ka iya kawowa layi ba."

Sati huɗu Ja'afaru bai taka Gazara ba. Ba wasiƙa, ba saƙo. Duk ƙarar babur da ta ji sai ta leƙa ta tagar asibiti, har ta daina. Ta rame. A gida ba mai ɗaga zancen, Inna Azumi ta mayar da kwanukan aure da aka fara tarawa ƙarƙashin gado. Sau ɗaya Malam Sada ya ce, "Ban roƙe ki ba, Sabuwa." Ta ce, "Na sani, Baba." Ta shiga ɗaki ta yi kukanta.

Wata ranar bayan azahar suna tsakar gida, Inna na sussukar masara, rediyo ya katse shirin da yake yi. Gwamnatin soja ta soke zaɓen fid da gwanin duka, na Doki da na Mikiya. Ba wanda ya ci, ba wanda ya faɗi. Sai yadda hali ya yi.

Malam Sada ya kashe rediyon.

"Mun ɓata da juna a kan abin da ba a hannunmu yake ba," ya ce, kamar da kansa yake. "Azumi, ɗauko min babbar rigata."

"Ina za ka da ranar nan, Malam?"

"Kudan."

"A keke? Kai ne babba fa."

"Shi ya sa."

Gab da magariba Sabuwa ta ji ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida. Wannan karon ba ta leƙa ba, sai da ta ji muryoyi.

"Da kun tsayar da mai gaskiya, da ko sun soke kuna da abin faɗa."

"Baba, da mai gaskiya da mai motocin ai tare aka share su."

"Riƙe min rigar nan tukuna, ƙafata ta sage."

Ta fito zaure. Mahaifinta na saukowa daga bayan babur ɗin Ja'afaru da ƙyar, tayar kekensa ta fashe tun kafin ya kai, sauran tafiyar da ƙafa ya yi. Ya wuce ta yana ɗingishi, ya ce, "Ga shi nan. Ya ba ni haƙuri, na ba shi. Saura ke."

Suka rage su biyu. Ja'afaru ya rame shi ma, idonsa ya faɗa.

"Na karya maka alkawari," ta ce.

"Bai kamata in karɓe shi ba tun farko." Ya dube ta. "Ranar nan da na zo ƙirga na gan ki... wallahi na so in ajiye takardar in tsaya a bayanki. Kunyar abokai ta hana ni. Kullum da abin nake kwana."

Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Sati huɗu, Ja'afaru. Ko gaisuwa."

"Ki yafe min, rabin raina."

"Za su sake kiran wani zaɓen. Za ka sake fita, na san ka. Baba ma haka."

"Zan fita," ya ce. "Amma ba zan ƙara ce miki ga inda za ki tsaya ba."

Ta jingina da bangon zauren, gajiyar wata uku ta sauko mata gaba ɗaya. Ladan ya fara kiran salla.

"Je ka yi alwala," ta ce. "In kun dawo akwai tuwo. Ka ci ka tafi kafin ku sake farawa."

Bayan an gama yankan rake aka ɗaura auren. Tsofaffin nan bakwai da suka tsaya da Malam Sada cikin rana su ne a sahun gaba, Ja'afaru kuwa ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe su.