Layar da Barau Ya Ɗaura wa Bindiga

Harbi ɗaya bindigar Barau ta yi, ta cije. An kama shi bayan la'asar a wata gonar masara kusa da Daudawa, yana zaune dirshan yana dukan bindigar da dutse. Abokin fashinsa, Lawwali, ya riga ya yi nisa da babur ɗin da suka zo a kai.

Da safiyar ranar suka haɗu a dajin bayan Damari. Barau ne babba, shi ke riƙe bindiga. Ya zaro ta daga buhu ya ɗaga sama. A gefenta na dama an ɗaura wata ƙatuwar laya, ɗinkin jar fata, an naɗe ta tam da roba.

"Mi ne ne wannan kuma, oga?" in ji Lawwali.

"Aikin boka ne. Nan ya nuna da yatsa, nan na ɗaure. Muddin tana jikin bindigar, ƙarfe ba ya shiga jikina."

"Shi bokan ya taɓa harba bindiga?"

"Kai ka taɓa yin laya?"

"Oga, ta nan hwa kwanson harsashi ke fita in an yi harbi. Ka toshe mata ƙofa."

"Kwanso ya nemi hanya. Boka ya ce ranar da na kwance ta, ranar za a ɗauki gawata. Tada babur, dalla!"

Ba su gwada ta ba. Barau ya ce shi ba ya ɓarnar harsashi a kan itace.

Wajen la'asar suka gitta gungume a hanyar Faskari, suka laɓe. Motar farko ta Alhaji Muttaka ce, ɗan kasuwar hatsi, yana dawowa daga Kankara, shi ke tuƙi da kansa. Ya hango gungumen. Ya taka burki, ya sa giyar baya.

"Tsaya, tsoho!" Barau ya yi tsalle kan titi.

Tau! Gilashi ya tarwatse. Harsashin ya sami Alhaji a kafaɗa, motar ta zame cikin rami. Barau ya sake jan kunama — shiru. Kwanson ya fito, ya bugi laya, ya koma ya maƙale a bakin ƙofar.

"Yanke ta!" Lawwali ya miƙa masa wuƙa. "Yanke layar, oga!"

"Ka haukace? So kake in mutu?"

"To ba ni in yanke!"

"Taɓa ta ka gani!"

Wata motar haya da ke biye ta juya da gudu. A gaba kaɗan ta ci karo da 'yan sandan sintiri. Sufeton da ke jagorantarsu ya tambayi direban, "Su nawa ne?"

"Biyu, ranka ya daɗe. Faɗa ma suke tsakaninsu."

Jiniya ta taso. Lawwali ya dubi hanya, ya dubi Barau da ke cusa tsinke ta ƙarƙashin laya don kada ya kwance ta. Ya hau babur.

"Lawwali! Ɗan iska, jira ni!"

"Boka ya ɗauke ka, oga!"

Barau ya faɗa gona. Masarar ba ta kai ƙugu ba, daga titi ana ganin hularsa. Da aka ce ya ajiye makami, sai ya ɗaga shi ya auna. Harsashin ɗan sanda ya shiga cinyarsa ya fita ta baya. Ya zube zaune, ya rarumi dutse yana dukan bindigar har suka iso kansa.

Sufeto ya ɗauki bindigar, ya juya ta. Layar na nan daram, ko robar ba ta sassauta ba.

"Malam, wa ya yi maka wannan ɗinkin?"

"Lawwali ne ya karya ta da baƙin bakinsa," in ji Barau.

Likitoci sun ce hannun Alhaji Muttaka na dama ba zai ƙara riƙe sitiyari ba. Barau kuwa, kafin motar 'yan sanda ta isa asibiti ya ba da sunan Lawwali, da ƙauyensu, da gidan da uwarsa ke aure. An je, ba a same shi ba.

Sunan bokan ne har yau ya ƙi faɗa. Ya ce akwai sauran aikin da zai yi masa in ya fito.