Jan Ambulan a Buhun Shinkafa

Shekara talatin na yi ina shafa wa 'yan fim hoda a Hong Kong, ban ga fuskar da kwaɗayi ya cinye irin ta Tong Chi-kuen ba. Na san shi tun yana waƙa a gidajen biki, ana taunar ƙaguwa ba mai ɗaga kai ya dube shi. Murya ba laifi, haƙuri ne babu ko na anini.

A sana'armu, duk wanda ya mutu a fim sai furodusa ya miƙa masa jan ambulan da 'yan kuɗi. Dole ya kashe su a ranar, ko alewa ya saya, kafin ya taka ƙofar gidansa, don mutuwar ta tsaya a wurin aiki.

Da rana tsaka Chi-kuen ya hau bene na tara na wani tsohon gini a Sham Shui Po, wurin bokan da ake kira Sifu Mak. Shi ya ba ni labarin daga baya. An liƙe tagogin da jar takarda, hayaƙin turare ya mai da rufin baƙi ƙirin. A teburin tsafin ga kan alade ya fara wari, ga ruɓaɓɓun lemo uku, ga madubi an juya fuskarsa bango. Bokan ya yanka baƙin zakara ya shafa masa jinin a maƙogwaro.

"Sifu, me zan biya?"

"Ni? Ko ficika. Ambulan ɗin da za a riƙa ba ka ne kar ka kashe. Kai shi gida, ka cusa cikin shinkafar da kuke ci."

"Shi ke nan?"

"Ba suna kake so ba? Ita ma baƙuwar masauki take so."

Wallahi ya gane mutuwa ce baƙuwar. Haka nan ya gyaɗa kai.

Cikin wata shida garin nan ya ɗauka. An harbe shi a wani fim, waƙarsa na tashi yana faɗuwa, mata suka fito sinima idanu jajur. Ya cika babban zauren waƙa sati biyu a jere, ya sayi gida mai kallon teku. Mahaifiyarsa ta faɗi ta mutu a kicin satin da fim ɗin ya fito. Fim na biyu ya tafi da ƙaninsa, na uku da ɗansa na fari. Matarsa Suk-yin ta zautu, kullum tana jera kwanukan mutum shida tana kiran waɗanda suka tafi su zo abinci zai huce.

Ya so fita, ƙofa ta ƙi. Furodusoshi ba sa ba shi fim sai wanda zai mutu, don abin da jama'a ke biya su gani ke nan. Ya koma wurin bokan ya tarar an rushe ginin. Ya gwada sayen alewa da kuɗin, yana isa gida ya ji ambulan a aljihu, a liƙe. Ranar a kujerata ya yi kuka har hodar ta jiƙe, yana cewa, "Yaya, saura Hoi-lam." Na tsane shi, kuma na ji tausayinsa.

Hoi-lam ita ce 'yarsa, shekararta sha tara. Ya tura ta karatu Kanada don kar ta sake cin shinkafar gidan, ya ajiye fim gaba ɗaya. Saura ambulan guda a buhun, na fim ɗin ƙarshe, wanda bai riga ya ci kowa ba. Sau uku yana ƙona shi, sau uku yana dawowa.

Da sabuwar shekara yarinyar ta iso ba sanarwa, kewar uwarta ta dame ta. Chi-kuen ya hana ta ko kurɓar ruwa. Abin da ya manta shi ne, ranar iyaye kan ba 'ya'yansu jan ambulan na sa albarka, kuma ba a mayar da hannun uwa. Hauka bai goge wa Suk-yin wannan ba. Ta shiga kicin ta fito da jan ambulan tana murmushi, ƙwayoyin shinkafa manne a yatsunta.

"Karɓi, 'yar albarka. Ki yi tsawon rai."

Hoi-lam ta sa hannu biyu ta karɓa, kamar yadda aka koya mata. Ba ta ga kwana na bakwai ba.

Chi-kuen na nan da rai a gidan mai kallon teku, shi da Suk-yin da kwanukanta, waƙarsa na tashi a kowace tasi. Ku masu hanzarin suna, ku ji da kyau: bokan da ya ce ba ya son kuɗinku, ya riga ya ƙirga mutanen gidanku.