Gungumen Ƙarƙashin Gidan Noel

Da hantsi aka kira Sufeto Rhonda Vella zuwa wani tsohon gidan katako a Ipswich, irin masu tsayuwa kan ƙafafu. A ƙarƙashinsa ta tarar da gawar mai gidan, Noel Prendergast, gungumen da ke ɗauke da daɓen sama ya karye ya danne shi. Sandar golf na hannunsa. Majigi kuwa bai san an yi ba, yana ta haska koren fili a jikin labule.

Tun da likita ya hana Noel yawo a rana saboda ciwon zuciya, ya ƙwallafa rai sai ya kafa na'urar buga golf a gida.

"Gara ce, ranki ya daɗe," in ji sajan ɗinta. "Ga jar ƙasarta nan a jikin gungumen."

Rhonda ta goge ƙasar da yatsa. Sai ga yanka a miƙe sar.

"Garar garinku da zarto take yawo?"



A sama ta sami Kylie, 'yar marigayin, da mijinta Tevita, kafinta.

"Ka taɓa aiki a ƙasan nan?"

"Ban taɓa ba."

"To alamun fensir da ke jikin bango fa?"

Kylie ta juyo ta zuba wa mijinta ido. Kallon nan bai yi wa Rhonda daɗi ba.

"Na auna," in ji Tevita da ƙyar. "Na ce masa wannan wasa sai rufi mai mita uku, nasa bai kai ba, ga shi dogo. Ko a ɗaga gidan, ko a haƙa ƙasa. Ya ce ba ya da lokacin jira. Muka yi cacar baki, na kwashe kayana. Wallahi ban taɓa katakon ba."

"Kai kaɗai ke da zarto a gidan nan," Kylie ta faɗa a hankali.

In maganar ta tsaya haka, Tevita zai kwana a caji ofis, auren ma da wuya ya kai labari. Rhonda ta san da haka, shi ya sa ta sake sauka ƙasa.

Ta ɗauki sanda, ta tsaya kan tabarmar bugu, ta ɗaga. Sandar ba ta je ko kusa da yankan ba. Ta koma ɗaya ɓangaren ta ɗaga ta hagu. Kan sandar ya shige daidai gurbin da aka rarake.

"Noel bahago ne?" ta ƙwala wa Kylie tambaya daga ƙasa.

"A golf kawai. Da dama yake rubutu."

"Mijinki na buga golf?"

"Wa? Tevita? Ko riƙe sandar bai iya ba."

"To da wa babanki ke bugawa?"

Col Wessling, tsohon direban jirgin ƙasa, yana zaune a barandarsa a bayan layi, shayinsa ya huce. Tun suna samari suke zagaya filin golf ɗaya da Noel.

"Rabona da gidan tun makon jiya," in ji shi.

"Miƙo hannunka mu gaisa, Col."

Ya miƙo ba da son ransa ba. Tafin duk ya yi bororo, ga jar ƙasa a ƙarƙashin farce.

"Zarton hannu," in ji Rhonda. "Don kada Kylie ta ji ƙara."

Tsohon ya janye hannunsa.

"Kin taɓa ganin ƙato kamar Noel yana buga ƙwallo a duƙe? Kullum sandar sai ta doki katakon nan. Ranar nan ya jefar da ita ya zauna yana kuka. Noel fa! Na ce masa, haba mutumina, ɗan taƙi ɗaya ne ya hana, bar ni da shi. Na rage rabin kaurin kawai. Na ɗauka katakon da ne, zai jure."

"Ƙasar fa?"

"Tsoro ne. Da na ga ba ya numfashi, sai na kwaɓa na shafa, na gudu gida kamar ɓarawo."

"Ka san yaron can ake shirin kamawa? Matarsa ta fara yi masa kallon wanda ya kashe mata uba."

Col ya rufe fuska da hannuwan nan masu bororo. "Ban yi tunanin Tevita ba. Kaico, kaina kawai na tuna."

Rhonda ba ta sa masa ankwa ba. Ta riƙe masa gwiwar hannu har bakin mota, ranta a jagule. Ba aikinta ba ne, amma sai da ta tambaya.

"Ya samu ya buga kuwa?"

"Sau ɗaya," in ji Col. "Sandar ta wuce, ba ta taɓa komai ba. Ya juyo yana dariya, ya ce in zo in gwada tawa."

Ya sunkuya ya shiga motar.