Curin Yumɓun Gidimuni

Ranar da aka fara jifan, rana ta riga ta faɗa bayan duwatsun Damagaram, hayaƙin murhu ya kwanta a tsakar gida. Zainaba na tankaɗe, 'yarta Wasila na jera ɗanyun tulunan da ta gina a gindin katanga. Sai ji suka yi tas! Tulu ɗaya ya dare. Suka duba waje, ba kowa. Dutse na biyu ya sauko a hankali, kamar mai zaɓe, ya fasa na kusa da shi.

Su baƙi ne a garin. Zainaba maginiyar tukwane ce daga Gidimuni. Da fari ya ƙone gero, ramin yumɓun da ke bakin tabki ya bushe ƙamas, mijinta Nomau ya kwaso su a kamyo, babbar motar kaya, suka raɓa a wani kango. Ta taho da curin yumɓu guda daga ramin kakanninta, ta naɗe a tsumma, ta tura ƙarƙashin gado.

Maƙwabciyarsu Fanta ita ma fari ya koro ta daga duwatsun Kutus, kuma maginiya ce. Wasila ce haihuwar Zainaba ta farko, don haka uwar ba ta kama sunanta, balle ta yabe ta. Fanta kuwa ba ruwanta da wannan kunya. Ta ja yarinyar a jiki, ta nuna mata jar ƙasar gindin dutse da zanen mutanensu. Kafin a ankara, a kasuwa tulunan Wasila ake wawa, na uwar suna shan rana. Zainaba ta ji kishi, kishi na gaske, irin wanda ke hana tuwo wucewa. 'Yar da ta haifa, wai a gidan wata ta samo hannu!

Wata magariba ta jawo curin nan, ta yayyafa masa ruwa, ta ce, "Ka gani ko? Ni da kai duk an manta da mu." Kowace maginiya a Gidimuni ta san ba a yi wa yumɓun rami ƙorafi da almuru, domin ramin yana da mai shi. Zainaba ta fi kowa sani. Daga nan ne aka fara jifan.

Jifa ya ci gaba kowace magariba, kuma bai taɓa samun tukunyar Zainaba ba. Nomau ya yi tofi, ya yi hayaƙi. Ita kuwa tana taya salati, amma can cikin ranta wani sanyi take ji, Allah ya yafe mata.

Sannan abin ya bar tuluna ya koma kan mai su. Wasila ta zauna a ƙasa, yatsunta suka dunƙule, ba mai iya buɗe su. Warin laka ya cika ɗakin, a garin da rijiyoyi suka ƙafe.

Nomau ya ɗauko Malam Alkasum daga unguwar Birni, dattijo marar gaggawa. Ya zauna ya yi ta karatu har aka kira isha'i. Wasila ta ɗago kai, muryar da ta fito ta tsoho ce, mai kauri.

"Malam, ka daina ƙona ni."

"Wane ne kai? Me ya kawo ka gidan bayin Allah?"

"Ni ne mai ramin Gidimuni. Ruwana ya janye, kowa ya watse. Na ba zuri'ar nan hannu tun kaka da kakanni, yau an kai shi ga ƙasar dutse. Kuma ba zuwa na yi ba, kirana aka yi."

Idanun yarinyar suka juyo kan Zainaba. Nomau ma ya juyo.

Malam ya ce, "Za a mayar da yumɓunka inda aka ɗebo shi. Ka fita."

"Zan fita, amma da hannuna. Ba zan bar wa dutse shi ba."

Malam ya koma karatu, yatsun yarinyar suka fara ƙara kamar ana karya kara. Zainaba ta zube gabanta.

"Wasila!" in ji ta, abin da bakinta bai taɓa furtawa ba. "Sake ta. Ni na kira ka. Ga hannun da ka sani, ɗauki nawa."

Wasila ta yi atishawa, ta kife, yatsunta suka saki. Warin laka ya ɗauke. Washegari Nomau ya kama hanyar Gidimuni da curin.

Hannun Zainaba lafiya lau yake: tana daka, tana tuƙa tuwo. Amma duk abin da ta gina, kafin ya kai wuya ya zube.

Bayan Wasila ta warware, ta gina tulu a gidan Fanta, ta kawo ta ɗora a cinyar uwarta.

"Inna, duba mini."

Zainaba ta shafa shi tun daga gindi har baki. A duk rayuwarta ba ta taɓa gina kamarsa ba, kuma yanzu ba za ta taɓa ba. Ta ji kishin nan ya sake taso mata. Ta haɗiye shi da ƙyar.

"Bakin ya yi kauri," in ji ta. Amma ba ta mayar mata da tulun ba.