Ceri Kafin Saukar Ruwa

"Yesenia, don Allah ki ce su tashi!"

Dalton ne tsaye a bayan a-kori-kura, lasifika a hannu. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta kan duwatsun Yakima a Amurka, kuma kowa ya sani, ruwa na taɓa nunannen ɗan itacen ceri sai ya tsattsage, amfanin shekara ya tafi ke nan.

Ga masu tsinka sun kife bokitai sun zauna a kai.

"Ni wace ce?" in ji Yesenia. "Mai tsinka ce kamar kowa."

"Ke suke ji, rabin raina..."

Ai fa 'ya'yana, Dalton ɗan masu gonar ne, shi ya sa wa Yesenia zoben alkawari, mahaifiyarsa Lorraine kuwa ta rantse mai tsinka ba za ta zama surukarta ba. Darlene mai kula da ma'aikata, wadda ta daɗe da ƙyasa shi, ita ta miƙa masa lasifikar, wai mutanen nan sai da tsawa. Shi kuma ya kira Don Eusebio, dattijon da ya dasa rabin itatuwan, da lambar bokitinsa maimakon sunansa! Shi ya sa suka ƙi aiki.

"Ka sallame su mana!" in ji Darlene. "Yesenia ce ta zuga su!"

Lorraine na gefe, ta harɗe hannuwa.

 In Yesenia ta goya wa Dalton baya ta rasa mutanenta, in ta yi shiru ta rasa shi.

"Ajiye abin nan, masoyi. Sauko."

"A gaban Mama?"

"A gaban kowa."

Aradu ta faɗi. Dalton ya diro, ya cire hula, ya tsaya gaban tsohon.

"Don Eusebio... na yi maka rashin kunya. Ka yafe ni."



Yesenia ta rataya bokitinta a ƙirji, ta ja tsani ita kaɗai, sannan ta kira wata dattijuwa da wani matashi cikin masu tsinka.

"Doña Chela, ki taimake ni da rassan ƙasa, na san gwiwarki. Nacho, sarkin surutu, zo ka hau sama ka yi wa tsuntsaye surutun!"

"Ni kike wa sharri, amarya?" in ji Nacho.

Dariya ta ɓarke. Don Eusebio ya miƙe a hankali, ya danƙa wa Dalton bokiti.

"Da ɗan tsinkensa ake ciro ceri, ɗan gata. Biyo ni."

Kan ka ce me, gona ta ɗauki ƙarar tsani. Darlene ta shige mota ta bugo ƙofa.

Iska ta fara kaɗawa da sanyin ruwa. Yesenia na saman tsani ta ji an taɓa ƙafarta.

Lorraine ce, ta rataya bokiti a baibai.

"Kin ba kowa wurinsa..." in ji ta. "Ni ina zan tsaya, 'yata?"