Fitila ta Huɗu

Ranar ba wani abu ya tsayar da Uwar Ofis ba sai linzamin kwamfuta. Rana ta yi ja, kowa a benen ya kama gabansa, ita kuwa ta rantse ba za ta tashi ba sai ta gano abin da ke damun ɗan abin nan.

Ofishin adana takardu ne a hawa na uku, kuma da su huɗu ne a ciki. Guda ya yi ritaya, guda aka mayar da ita wani reshe, na ukun ya samu inda ya fi. Maimakon a kawo wasu, sai aka tattaro kwamfutocinsu aka jera a ƙarƙashin teburinta, aka haɗa su da wata 'yar akwati baƙa mai maɓalli ɗaya da fitilu huɗu. Allo ɗaya, kibod ɗaya, linzami ɗaya. In ta danna maɓallin, sai a koma kwamfuta ta gaba. Sunan Uwar Ofis dai bai bar ta ba, ko da yake 'ya'yan duk sun watse. Gida ma haka yake tun rasuwar mijinta, har takan kunna rediyo don kawai ta ji muryar mutum.

Watanni biyu da suka wuce kwamfuta ta huɗu ta mutu, aka ɗauke ta, raminta a jikin akwatin ya zama wayam. To amma maɓallin bai san tsallake ba. Daga uku in za ta koma ɗaya, dole ta bi ta huɗu, don haka takan danna sau biyu da sauri. Tun daga lokacin linzamin ya fara taurin kai. Duk sa'ad da ta dawo ɗaya, kibiyar nan ta kan allo sai ta ƙame, har Uwar Ofis ta ja numfashi uku kafin ta motsa. Ta sauya linzami, ta goge tebur, ta hura ramuka. A banza.

Sai ta kira ƙaninta a waya. Gyaran kwamfuta ne sana'arsa, furfura ta gama cin kansa, amma har gobe bai daina tsokanarta ba.

"Yaya, ɓeran naki ne ya sake gudu? Ki sa masa tarko mana."

"Kai dai ba ka girma. Kibiya ce ke maƙalewa in na sauya."

"Daga kowace kwamfuta, ko daga guda?"

Ta tuna. "Sai in na dawo daga uku."

"Wato bayan kin bi ta huɗu. To ai mu a wurinmu ba a tsallake rami, ɗaya bayan ɗaya ake bi har a kama mai laifi. Je ki huɗun ki tsaya, ki gaya mini abin da fitilar ke yi."

"Ba komai a huɗu fa."

"Shi ya sa. In ba komai, fitilar za ta riƙa ƙiftawa."

Akwai abin da ba ta gaya masa ba, don ta san dariya zai yi. Duk lokacin da kibiyar ta dawo, linzamin yakan dawo da ɗumi, irin ɗumin kujerar da wani ya tashi a kai yanzu. Kuma, Allah ya sani, ba ta ƙi ɗumin nan ba.

Ta riƙe waya da hagu, ta miƙa dama ta danna. Biyu. Uku. Huɗu. Ta mayar da hannunta kan linzami.

Allon ya yi baƙi. Fankokin kwamfutocin da ke ƙarƙashin tebur suka yi tsit lokaci guda, har tana jin ɗigar famfo daga can ƙarshen baranda.

"Yaya? Tana ƙiftawa?"

"A'a. Ta tsaya cak."

"Ba zai yiwu ba. In ta tsaya, to akwai abin da ke haɗe da..." Muryarsa ta dusashe, ta koma shuuu kamar iska a cikin bututu.

Wani wari ya taso, warin ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, ƙura da tsohuwar tabarma. A tsakiyar baƙin allon kibiya ta bayyana, fara tas.

Kibiyar ta motsa, kuma ba ita ta motsa ta ba. Linzamin ne ya ja hannunta a hankali zuwa dama. Ta yi ƙoƙarin ɗaga yatsunta, suka ƙi.

Sai ta ji tafin hannu ya sauka a bayan nata. Mai ɗumi ne, busasshe, yatsunsa dogaye har sun wuce wuyan hannunta. Ta duba. Hannunta ne kawai a kan linzami, amma fatar ta lotsa wuri huɗu.

Kujerar da ke bayanta, wadda rabon da a zauna a kanta tun bara, ta yi ƙara.

"Kullum sai ki wuce ta ɗakina," aka raɗa mata a kunne, "ko sallama babu."

Wayar ta suɓuce ta faɗi. Ta buɗe baki za ta yi addu'a, harshenta ya yi nauyi.

"Na ga ke ma ba ki da kowa. Zauna."

Ba da faɗa aka faɗa ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ta. Murya ce ta wanda ya gaji da zaman kaɗaici, ta san irinta, da ita take yi wa rediyo magana.

Kibiyar ta kai bakin allo, ta fara shigewa. Yatsunta suka mutu. Tana ganinsu, amma ba ta jin su. Mutuwar ta hau wuyan hannu, ta kai gwiwar hannu.

Ta kai ƙafa ta shure soket. Wayar wuta ta fita, tartsatsi ya tashi, fitilun kwamfutoci uku suka mutu.

Fitila ta huɗu tana nan.

Ta miƙa hagu wajen maɓallin. Aka riƙe hagun.

Mutuwar ta kai kafaɗa.

Rabin kibiyar ya shige.

Ta tattara abin da ya rage mata na jiki, ta kifa fuska a kan akwatin, ta danna maɓallin da haɓarta.

Ƙyas.

Numfashi ɗaya. Biyu. A na uku aka sake ta, a hankali, yatsa bayan yatsa, kamar mai sallamar baƙon da ba ya so ya tafi.

Ba ta san yadda ta sauko benen ba. A bakin ƙofa ta yi karo da ƙaninta yana haki, ya baro shagonsa a buɗe. Ya ga jini a haɓarta, ya ga takalmi ɗaya a ƙafarta, ranar dai bai yi tsokana ba.

Washegari da hantsi ya zo da sabuwar akwati mai fitilu uku, ya haɗa, ya gwada kowane rami sau biyu. Kibiya tana tafiya sumul. Ya ce tsohuwar akwatin ce ta lalace, wutar lantarki ce ta ja mata hannu. Ta ce haka ne. Ya miƙo hannu zai tafi da tsohuwar, ta ce ya bari za ta yar da kanta.

Linzamin bai sake ba ta matsala ba. Sanyi ƙalau yake tun safe har yamma, kamar kowace roba.

Sai dai kullum in rana ta yi ja, ko tana ofis ko tana gida, hannunta na dama yakan tafi. Yana nan a cinyarta, amma ba nata ba ne. In ya dawo, da ɗumi yake dawowa, ɗumin hannun da aka riƙe. Shekara shida ke nan rabon da wani ya riƙe mata hannu.

Da farko numfashi uku ne kafin ya dawo. Ya koma bakwai. Jiya sai da ta ƙirga arba'in, kuma ya kai har kafaɗa. Ba ta gaya wa ƙaninta ba, tsohuwar akwatin ma tana cikin durowarta, a naɗe cikin ɗankwali.

Yau da rana ta fara ja, Uwar Ofis ta kashe rediyo, ta ɗora hannun a kan tebur, ta yi sallama.