Kawu Gwadabe Mai Hanya

Rahmatu na kaɗi a gindin rumbu, zaren sai tsinkewa yake, don hankalinta na can Sabon Birni wurin Illo. Damina uku ke nan da sa musu rana. Yaƙi ya raba su: gidan su Illo suka bi Gobirawa, mahaifinta Malam Sammani ya tsaya a garin Isa tare da mutanen Sakkwato. Kewa ta ramar da ita ƙwarai.

Mutum ɗaya ke ratsa dajin da ke tsakani lafiya, wato kawunta Gwadabe, jagoran fatake. Duk ayarin da zai raka sai ya ba shi gishiri da riga, shi ya sa tumbinsa ke riga shi shiga zaure.

"Kawu, ka gane shi?" Rahmatu ta tambaya ranar da ya dawo daga Sabon Birni.

"Ɗiyata, ki hanƙure. Sun rantse duk mutumin Isa da sunka gani sai sun halbe shi. Yaron ko sunanki bai ambata ba."

Ta shige ɗaki ta yi ta kuka.

Ran kasuwa, Azumi, tsohuwa mai tallar daddawa, ta shigo shan ruwa, ta tsaya tana kallon Rahmatu.

"Ke ce ta Illo? Sau ukku yana sake jinkan ɗakin da ya gina miki. Gwadabe ya hwaɗa mishi ubanki ya hwasa."

"Inna, hanyar fa?"

"Jiya na biyo ta da ƙwaryata. Tun kaka babu hari. Da an soma zancen sulhu, sai kawunki shi tura a cinna wuta daji, a ce mahara ne."

Malam Sammani na zaure, duk ya ji. Ya sa aka kira surukinsa. Gwadabe ya yi ta kame-kame, daga baya ya sunkuyar da kai.

"Malam, in kowa na bin hanyar ga, wa za ya neme ni? Mi za ni ci?"

"Shi ne ka ci shekaru ukku na ɗiyar ƙanwarka?"

Washegari da hantsi Malam ya ɗaura wa jakinsa mangala, ya sa 'yarsa a gaba, suka nufi Sabon Birni. Ba su gamu da kowa ba sai makiyaya. A ƙofar gari Illo ya hango su, ya saki damin geron da ke kansa.

"An ce mini kin manta da ni," in ji shi.

"Ni ma haka anka ce mini."

Haƙurinta bai faɗi ƙasa ba, aka ɗaura aure ran Juma'a. Sai dai a kula: wanda gabar da ke tsakanin mutane ke cika masa tukunya, kada a aike shi da saƙon sulhu.